Yadda Ake Sayen Tsohuwar Kyamarar Fim a Legas, a Gwada Ta, a Ɗauki Fim Na Farko

Kyamarar da nake nufi ita ce irin wadda masu hoto suke ratayawa a wuya suna zaga gidajen biki da suna kafin zuwan dijital: mai cin fim ɗin milimita 35, mai tozo a ka, wadda ake cire mata lens, wato gilashin gaba, a ɗaura wani. A kasuwa SLR ake ce mata. Haske yana shigowa ta lens, ya bugi wani madubi da ke jingine a ciki, ya haura cikin dunƙulen gilashin da ke tozon, ya fito a idonka. Kana danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, hasken ya sauka kan fim. Shi ya sa abin da ka gani ta tagar leƙe shi ne zai fito a hoto.

Yawancin waɗannan kyamarori sun haura shekara 40, kuma iskar Legas ba ta raga wa ƙarfe da gilashi. Don haka rabin aikin a gaban mai kaya ake yin sa, tun kuɗinka na aljihu.

Kayan da za ka tanada

Ranar zuwa kasuwa ka riƙe waya mai fitila mai ƙarfi, da batir LR44 guda biyu sababbi, da 4LR44 guda ɗaya idan kana da ra'ayin Canon. Masu gyaran agogo suna da LR44, shi kuwa 4LR44 yakan yi wuya, amma idan ka jera LR44 huɗu ka naɗe su da salatif ka cike giɓin da ɗan takardar azurfa, zai isa gwaji. Ka saukar da manhajar auna haske a wayar. Idan da hali ka nemi wani lalataccen fim daga wurin tsohon mai hoto, don gwada jan fim.

A gida kuma za ka buƙaci robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara, ƙyallen goge tabarau, audugar kunne, tsinken sakace, sifirit na kemis, baƙin zaren saƙa, robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, da ƙwayoyin silika masu shanye laima. Sai fim ɗaya mai araha, Kodak ColorPlus 200 ko Gold 200 idan mai kala kake so, Kentmere 400 ko Ilford HP5 idan baƙi da fari. Amma kafin ka sayi fim, ka fara gano inda za a wanke maka shi. Wuraren wanki sun yi ƙaranci a Legas, kuma wanda yake wanke mai kala ba lallai ne ya iya baƙi da fari ba, magungunansu daban ne.

1. Fara zaɓen baki kafin ka zaɓi kyamara

Bakin kyamara shi ne zoben ƙarfen da lens ke zama a kai, kuma kowane kamfani da irin nasa. Wanda ka shiga, shi zai riƙe ka, domin duk lens ɗin da za ka ƙara saya nan gaba dole ya dace da shi.

Pentax tana da baki biyu. Na da, M42, murɗa shi ake yi har ya ɗaure. Shi ne a kan Spotmatic ta 1964, da Praktica ta Jamus ta Gabas, da yawancin Zenit ta Tarayyar Sobiyet. A 1975 ta fito da bakin K, wanda ke kan K1000 da aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997. Nisan da ke tsakanin baki da fim ɗaya ne a duka biyun, saboda haka da ɗan zoben haɗi za ka ɗaura lens ɗin M42 a kan K1000 ya yi fokos, wato hoto ya fito sarai, har nesa. Nikon ta kawo bakin F a 1959, ta yi masa gyara a 1977 wanda ake kira AI. Canon AE-1 ta 1976 bakin FD gare ta, kuma ba ya shiga da bakin EF da kamfanin ya koma a 1987, ko da yake duka sunan Canon ke jikinsu. Nan mutane da yawa suke asarar kuɗi. Minolta, irin su SR-T 101 da X-700, lens ɗinta yana ɗauke da MC ko MD. Olympus kuma OM.

Shawarata ga mai koyo a Legas: ya nemi wadda ba ta dogara da batir ba. K1000, Spotmatic, Nikon FM ko FM2, Olympus OM-1, Minolta SR-T, duk waɗannan sifirin da giyar ƙarfe ke tafiyar da su, batir na mitar haske ne kawai. AE-1 kyakkyawa ce, amma batir na mutuwa ta tsaya cak, kuma idan laima ta ci wayoyin cikinta samun mai gyara sai an sha wuya. Zenit tana da nauyi da taurin kai, a yawancinsu gudun buɗewar labule bai wuce 1/500 na daƙiƙa ba, sai dai lens ɗin Helios 58mm da ke zuwa da ita ya cancanci a saye ta dominsa.

2. Inda ake nema

Cikin kayan tokumbo na Alaba da Kwamfuta Bileji a Ikeja sukan ɓullo jefi-jefi, haka ma wajen masu tsofaffin kaya a Jankara. Amma inda na fi samun masu lafiya shi ne hannun tsofaffin masu hoto a unguwanni irin su Agege, Idi-Araba da Obalende. Ka je da ladabi, ka gaisa, ka ce, "Baba, ko akwai tsohuwar kyamarar fim da aka ajiye?" Sau da yawa akwai ta a durowa, kuma mai ita zai gaya maka halinta, har ya nuna maka inda take ciwo. Idan a intanet ka gani, kada ka tura kuɗi a kan hoto. Zuwa da kai ya fi aike.

3. Gwada jikin kyamara

Mai kaya zai ce maka, "Malam, lafiyarta ƙalau, batir kawai take so." Ka amsa da fara'a, ka ci gaba da dubawa.

Ka fara da gidan batir. Buɗe shi da sulalla. Farin gari ko kore alamar batir ya fashe a ciki. Idan kaɗan ne, audugar kunne da ɗigon ruwan khal za su cire shi. Idan ya cinye ƙarfen, ka ɗauka mitar ta mutu, ka rage kuɗi a kan haka.

Sai ka ja hannun naɗe fim da ke hagu zuwa sama, ƙofar baya za ta buɗe. Ga labulen shota nan a gabanka. Kada yatsanka ya taɓa shi, ko na mai kaya. Ka duba ko ya yamutse ko ya tsage, ka ja hannun jan fim da ke dama ka sake dubawa, domin labulen biyu ne, ɗaya kafin ja, ɗaya bayan ja. Cire lens, ka fuskanci sararin sama ko farin bango, ka bi lambobin gudu ɗaya bayan ɗaya. A lamba 1 ya kamata labulen ya buɗe na daƙiƙa guda, ka ji ƙarar giya tana tafiya santsi, sannan ya rufe da kansa. Idan ya tsaya a buɗe ko ya yi ta jan ƙafa, man ciki ya daskare. A 1/500 da 1/1000 ka zuba ido sosai: walƙiyar hasken ta cika kusurwa huɗu gaba ɗaya. Idan gefe ɗaya ya yi duhu, labule na biyu yana cimma na farko kafin su ƙetare, kuma haka rabin hotonka zai fito baƙi. A kan Zenit, ka ja hannu tukuna kafin ka sauya lambar gudu.

AE-1 tana da wani tari da aka san ta da shi, wani ƙiii da take yi idan an danna. Bushewar mai ce a wajen giyar madubi. Ana gyarawa, amma dalilin ragi ne.

Leƙa ta taga. Ƙura da ɗigo-ɗigon baƙi da za ka gani a nan ba sa fitowa a hoto, tunda madubi yana kaucewa kafin a ɗauka, don haka kada su hana ka saye. Abin da kawai ba a yi shi ne goge madubin da ƙyalle. Azurfarsa a sama take, ba a bayan gilashi ba, shafa ɗaya ta isa ta bar tabo.

4. Gwada lens

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin lens ne ke zana hoton. Jiki mai ƙuje da lens mai tsabta ya fi jiki mai ƙyalli da lens mai ciwo nesa ba kusa ba.

Cire shi, ka buɗe ƙofar haske har ƙarshe, wato ka kai zoben kan ƙaramar lamba kamar 1.8 ko 2. Haska fitilar waya ta baya, ka duba ta gaba a karkace, ba kai tsaye cikin fitilar ba. Sannan ka juya ka yi ta ɗaya ɓangaren. Ƙura za ka gani ko a wane lens, ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne fumfuna: fararen zare-zare sirara masu rassa kamar saƙar gizo-gizo, galibi daga gefen gilashi suke farowa su nufo tsakiya. A Legas ita ce ciwon da ya fi yawa. Idan ɗan ɗigo ne a gefe kuma kuɗin ya faɗi, ana iya saye a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke. Idan ta mamaye, ka bar shi ko kyauta ne, domin takan cinye shafen da ke kan gilashin, ko an wanke tabon yana nan, ga kuma haɗarin ajiye shi kusa da masu lafiya. Ka sa hanci ma. Lens ko jakar da ke warin rumfar da ruwa ya jiƙa, akwai magana.

Na biyu hazo, wani fari-fari da ya lulluɓe gilashin ciki baki ɗaya. Yana kashe kaifin hoto, musamman idan rana na gabanka. Na uku launin bakan gizo a gefen gilashi, alamar gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ya fara saki. Wannan ba ya gyaruwa da araha. Ƙujewa a gilashin gaba ba ta cika nunawa ba, ta gilashin baya ce mai illa.

Yanzu ka kai zoben kan 16, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan lens ɗin, ko ɗan tsinken da ke leƙowa idan M42 ne. Ganyayyakin ƙofar su rufe su buɗe nan take, tsaf. Idan suna tafiya a hankali ko ka ga sheƙin mai a jikinsu, hotunanka za su riƙa ƙonewa da haske. Juya zoben fokos daga farko har ƙarshe. Ya tafi da ɗan nauyi daidai, ba ƙaiƙayi, ba sako-sako. Ɗaura shi a kyamara ka saita wani bene mai nisa, ka tabbata ya fito sarai a alamar nesa.

Idan ka ci karo da Super-Takumar 50mm f/1.4 da gilashinsa ya yi rawaya, ba lalacewa ba ce. Sinadarin toriyam da aka sa a gilashin ne ke jawo haka, kuma hasken rana na wasu makonni yana rage shi.

Wanne za ka fara da shi? 50mm, f/1.8 ko f/2. Shi ne mafi araha, mafi kaifi, kuma yana aiki a ɗaki mai ƙarancin haske. Daga baya ka ƙara 28mm saboda lunguna da cikin kasuwa inda ba wurin ja da baya, sai 135mm don fuska. Tsofaffin lens masu zum, wato masu jawo abu kusa da mayar da shi nesa, na wancan zamani, dogaye masu nauyi da ake cusa wa mutum a matsayin gyara, ni ban cika ba su muhimmanci ba: duhu gare su, kuma fumfuna ta fi son su.

Gargaɗi ga mai Nikon: lens na kafin 1977 gindinsa a shafe yake, ba yanka. Idan ka tilasta shi a kan FM2 ko FE2 zai iya karya ɗan kunnen da ke gefen baki. FM da FE na farko suna da kunne mai ɗagawa, su sun karɓe shi. Sababbin lens masu harafin G kuwa ba su da zoben ƙofar haske sam, ba su da amfani a waɗannan kyamarori.

5. Mita

Sa batir, ka nufi wuri mai haske da mai duhu, ka ga allura ko fitila tana motsi, ka kwatanta da manhajar waya. Bambancin lamba ɗaya ba matsala ba ne. OM-1 da SR-T an yi su ne don batir mai zaiba na bolt 1.35 wanda aka daina yi. Na yanzu mai 1.5 yana sa su yi ƙarya. Batirin na'urar taimaka wa ji, lamba 675, ya fi kusa, sai dai ba ya daɗewa. K1000 ba ta da makashin mita, murfin lens ne makashinta. Idan mitar ta mutu gaba ɗaya, waya ta wadatar.

6. Sauya soson ƙofa

A gefen ƙofar baya da wajen hinji akwai baƙin soso mai tare haske. Bayan shekaru ga zafi ga laima, narkewa yake ya koma kwalta mai danƙo. Jiƙa tsinken sakace da sifirit ka kankare shi a hankali, kana karkata kyamarar yadda dattin zai faɗo waje, ba kan labule ba. Idan ka samu soson kyamara na yankawa, to madalla. Idan babu, tura baƙin zaren saƙa cikin siraran ramukan sama da ƙasa, ka manna ɗan ƙyallen karan-miski baƙi a wajen hinji. Tela zai ba ka guntu. Idan duk wannan ya gagara, bayan ka sa fim ka zagaye ƙofar da baƙin salatif na masu wayarin. Ba kyan gani, amma yana aiki.

7. Sa fim

A inuwa ake yi. Gwangwanin fim ya shiga hagu, ka mayar da hannun naɗewa ƙasa. Ja harshen fim zuwa dama ka cusa shi a tsagar kwarkwaro, ka ja hannu sau ɗaya ka ga haƙoran sun shiga ramukan fim sama da ƙasa. Rufe ƙofa. Juya hannun naɗewa a hankali ta inda kibiya ta nuna har ka ji ya ɗan yi tauri, ka tsaya. Danna ka ja sau biyu har lamba ta kai 1.

Ga abin da ke raba mai hoto da mai kuka: duk lokacin da ka ja hannun dama, hannun naɗewa na hagu dole ya juya da kansa. Idan bai juya ba, fim bai kama ba, kuma lambar za ta yi ta ƙirga maka har 36 alhali ba abin da ka ɗauka. Daga nan ka saita lambar ASA, mai nuna saurin fim wajen karɓar haske, ta dace da ta kwalin fim.

8. Ɗauka

Idan ba mita, ga ƙa'idar da masu hoto suka daɗe da ita. Gudu ya zama kusa da lambar fim, wato 1/250 ga fim 200. Rana tsaka mai inuwa baƙa ƙirin, ƙofar haske a 16. Rana mai hazo-hazo, wadda ita ce ta fi yawa a Legas, 11. Gajimare 8, hadari ya haɗu 5.6, ƙarƙashin rumfa 4. Idan kana shakka ka ƙara haske, domin irin wannan fim yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa.

Ranar Sallah ko ɗaurin aure mita takan ruɗe. Farar shadda ta cika hoto, mita ta ga haske ya yi yawa ta ce a rufe ƙofa, sai riga ta fito toka-toka, fuskar ango kuwa ta nutse. Ka matsa kusa ka auna fuskar ita kaɗai, ko ka ƙara buɗe ƙofa da lamba ɗaya zuwa biyu a kan abin da mita ta faɗa. Kada gudu ya gaza 1/60 da lens 50mm a hannu, ko 1/250 da 135mm.

Idan ka fito daga mota ko ofis mai sanyin na'ura, gilashi zai yi gumi nan da nan. Bar kyamarar cikin jaka kamar minti 20 kafin ka fito da ita. Wajen sauya lens ka juya wa iska baya, bakin kyamara na kallon ƙasa, ɗigon ja ya hau kan ɗigon ja. Nikon juyinta saɓanin na saura ne, kada ka yi ƙarfi. A bakin teku ko cikin ƙurar hunturu, gara ka haƙura da lens ɗaya.

Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da 'yan kasuwa a wurare irin Mile 12. Kusa da bariki, kamar Dodan a Obalende, ko filin jirgi, kyamara ta zauna a jaka.

9. Naɗewa da karanta dodon hoto

Idan hannu ya ƙi ja a ƙarshen fim, kada ka tilasta, fim zai tsinke. Danna ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin kyamara, ka naɗe ta inda kibiya ta nuna har ka ji ya saki, sannan ka buɗe. Ka ce wa mai wanki ya ba ka dodon, ba hotunan da ya tura maka a waya kaɗai ba, domin dodon ne ke faɗin gaskiyar kyamara. Idan ba hoto ko ɗaya amma lambobin gefen fim sun fito, fim bai kama ba ko shota ba ta buɗe ba. Idan har lambobin gefen babu, matsalar daga wanki take. Jan haske ko ruwan lemo da ya ratsa hoto, ƙofar baya na yoyon haske, ka koma mataki na 6. Hotuna suna hawa kan juna, giyar jan fim ce. Fim na farko na gwaji ne, kada ka yi shi a bikin ƙanwarka.

10. Ajiya

Fumfuna tana son duhu, laima da iskar da ba ta motsi, wato daidai cikin jakar fata a ƙasan wadrob lokacin damina. Ka raba kyamara da tsohuwar rigarta ta fata. Sa ta da lens ɗinta a robar nan mai murfi tare da silika. Laimar da ake so kashi 40 zuwa 50 ne cikin ɗari, kuma ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada. Silika mai launi tana nuna ta ƙoshi: shuɗiya ta koma ruwan hoda, mai ruwan lemo ta koma kore. Sai a gasa ta a wuta marar ƙarfi har launin ya dawo. Akwatin busarwa mai lantarki ya fi, ga wanda wutar unguwarsu ke zama. Shinkafa da wasu ke zubawa ba ta shan laima sosai, ƙura da ƙwari take kawowa.

Cire batir idan za ka daɗe ba ka ɗauka ba. Wanda ke zaune kusa da ruwa, irin Lekki ko Ajah, ya riƙa goge jikin kyamarar bayan kowace fita saboda gishirin iska. Fim ɗin da ba a buɗe ba ya zauna a firji cikin leda ɗaurarriya, a fito da shi awa biyu kafin a sa. Kyamarar kuma ko ba fim a riƙa fito da ita duk bayan mako biyu, a ja a danna a kowace lambar gudu, a juya zoben fokos, a bar lens ya sha hasken taga na ɗan lokaci ba tare da rana ta buge shi kai tsaye ba.